Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Kurfai: Kada A Kama Wani Da Laifin Wani

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Kurfai,
Fadar Sarki, Filinge,
Jihar Tilaberi.



Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana. Bayan gaisuwa irin ta ɗa da uba, ina neman ahuwa da na rubuto wannan magana a fili, alhali ladabi shi ne in zo fada in cire takalmi in durƙusa in faɗe ta a kunnen Sarki. Abin da ya sa na yi haka shi ne, ɓarnar da ta dame ni a fili ake yin ta, a bakin kasuwa, a bencin mai shayi, a cikin salular yaranmu. Abin da aka ɓata a bainar jama'a, a bainar jama'a ya kamata a gyara shi.

Ni malamin makaranta ne, haifaffen ƙasar nan, kuma a cikinta nake fatan a rufe ni. Kwanakin baya na raba faɗan yara biyu a filin makaranta. Babban bai wuce shekara goma sha ɗaya ba. Rigimar a kan biro ce, wannan ya nemi aro, wancan ya hana. Wanda aka hana ya dubi abokinsa ya ce, "Bayahude kawai!" Wanda aka zaga ya fashe da kuka kamar an zagi mahaifiyarsa. Na zaunar da su, na tambayi mai zagin ko ya taɓa ganin Bayahude. Ya ce a'a. Na ce to me Bayahude ya yi maka? Ya ce ai su ne ke sa tsadar hatsi, su ne ke zuba magani cikin allurar rigakafi don mata su daina haihuwa, kuma duk yaƙin da ake yi a duniya su suka haɗa shi. Na ce wa ya faɗa maka? Ya ce a salular yayansa ya ji.

Bayan mako biyu, ranar kasuwa, ina zaune wajen mai shayi sai wani saurayi ya kunna irin saƙon muryar nan da ake turawa ta WhatsApp. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, bai faɗi a gaban wa ya yi karatu ba. Ya ɗora wa Yahudawa fari da annoba da talauci, ya rufe da cewa jininsu halal ne duk inda aka same su. Ba a gama sauraro ba sai ga wani Bafillace ya gifta, sanda a kafaɗa, yana jan awaki biyu zuwa turke. Ɗaya daga cikin mazauna bencin ya nuna shi da leɓe ya ce, "Ga namu Yahudawan nan." Aka yi dariya. Shayin ya fita raina, na biya na tashi. Tun ran nan nake juya wannan wasiƙa a zuciyata.

Ranka ya daɗe, na san abin da za a fara cewa. Ina ruwan Kurfai da Yahudawa? Daga Filinge zuwa Shikal, daga Tukunus zuwa Sanam da Abala, wa ya taɓa cin tuwo da Bayahude? Ga rashin tsaro, ga makarantun da aka rufe, ga rumbunan da ke ƙarewa tun kafin a yi shuka, sai a ce mu zauna muna tausaya wa mutanen da ke bayan teku? Amsata tana cikin bakin mutumin bencin nan. Ƙiyayyar da aka koya wa yaro a kan wanda bai taɓa gani ba, wuƙa ce aka wasa aka miƙa masa. In bai samu wanda aka wasa ta dominsa ba, a kan na kusa za ta sauka.

Bari in fara da su waɗanda ake zagin, don mu san a kan wa muke magana. Yahudawan duniya gaba ɗaya ba su kai miliyan 16 ba. Mutanen Nijar kaɗai sun fi su yawa nesa ba kusa ba. Fiye da rabinsu ba a Isra'ila suke zaune ba. Suna Amurka da Faransa da Kanada da Ingila da Ajantina da Ostareliya da Afirka ta Kudu, ga kuma ɗan abin da ya rage a Maroko da Tunisiya. A cikinsu akwai likita, akwai tela, akwai attajiri, akwai wanda ke kwana da tunanin kuɗin haya. Mafi yawan waɗannan mazauna waje ba sa jefa ƙuri'a a Isra'ila, domin ba ƴan ƙasar ba ne, kuma babu wanda ya shawarce su kafin a harba harsashi ɗaya a Gaza.

Duk da haka su ake bi. Ran 19 ga Maris 2012, wani ɗan bindiga ya shiga makarantar Yahudawa a birnin Tuluz na Faransa ya kashe malami ɗaya da yara uku. Mutumin nan kuwa, kwanaki kaɗan kafin haka, ya kashe sojoji uku, cikinsu har da Musulmi. Ran 27 ga Oktoba 2018, a Pitsibag ta Amurka, wani Bature mai aƙidar fifita farar fata ya harbe mutum 11 suna tsakiyar ibada. A watan Mayun 2023, nan nahiyarmu, a tsibirin Jarba na Tunisiya, aka kai hari lokacin ziyarar shekara ta tsohon ɗakin ibadar Gariba, mutum biyar suka mutu, biyu maziyarta, uku jami'an tsaro. Ran 2 ga Oktoba 2025, ranar azuminsu mafi girma, an kai musu hari a Manchasta ta Ingila, biyu suka rasa rai. Ran 14 ga Disamba 2025, a bakin tekun Bondi na birnin Sidni, aka buɗe wuta kan masu bikin addini, mutum 15 suka mutu, cikinsu da yarinya ƴar shekara goma.

Waɗannan su ne waɗanda suka kai ga jini. Na yau da kullum, zagi da tofa yawu da rubutu a bango da barazana, sun fi ƙarfin lissafi. A Faransa an ƙirga ayyukan ƙin jinin Yahudawa 436 a shekarar 2022, sai ga shi a 2023 sun kai 1,676. A Birtaniya sun haura 4,000 a shekarar ta 2023. Abin da wannan ke nufi a cikin gida shi ne, uba ya ce wa ɗansa ya cire hular addini kafin ya shiga mota, uwa ta cire alamar addu'ar da suke maƙalawa a bakin ƙofa don kada a gane gidan, yara su shiga makaranta ta tsakanin masu bindiga. Wasu kuma sai su tattara. A shekarar 2015 kaɗai, kusan Yahudawa 8,000 suka bar Faransa suka koma Isra'ila. Ya kamata duk mai kishin Falasɗinu ya tsaya a kan wannan lissafi: wanda ya tsorata Bayahuden Faransa har ya gudu, bai ƙwato wa Bafalasɗine ko taƙi ɗaya na ƙasa ba, ƙara wa Isra'ila mutum ya yi.

Akwai labari ɗaya da nake so Sarki ya riƙe, domin ƴaƴan maƙwabciyarmu Mali ne a cikinsa. Ran 9 ga Janairu 2015, a birnin Paris, Amedi Kulibali, wanda iyayensa ƴan Mali ne, ya shiga wani kantin abincin Yahudawa ya kashe mutum huɗu ya yi garkuwa da sauran. A cikin kantin akwai ma'aikaci, saurayi Musulmi ɗan yankin Kayes mai suna Lasana Batili. Shi ne ya ɓoye masu sayayya a ɗakin sanyi na ƙarƙashin ƙasa, ya kashe injin sanyin, ya sulale waje ya zayyana wa ƴan sanda yadda ginin yake. Ƙasa ɗaya ta haifi iyayensu, alƙibla ɗaya suke fuskanta, ɗaya ya zubar da jini, ɗaya ya tsare shi. Haka kuma a Bondi, wanda ya yi kukan kura da hannu banza ya ƙwace bindigar ɗaya daga cikin maharan, har shi ma ya sha harbi, Musulmi ne haifaffen Siriya mai suna Ahmad al-Ahmad. Tambayar da ke gabanmu ita ce: a cikin waɗannan, wanne muke tarbiyyantarwa a zaurukan Kurfai?

Allah ya ba ka nasara, ba zan ɓoye inda zuciyata take ba a kan Falasɗinu. Na ga hotunan Gaza kamar yadda kowa ya gani. Dubun dubatar mutane sun mutu, mata da yara a cikinsu ba iyaka, an rusa asibitoci da makarantu, an bar mutane da yunwa. Wannan zalunci ne, kuma zan ci gaba da kiran sa da sunansa a aji da masallaci. Haka kashe mutane kusan 1,200 da aka yi a Isra'ila ran 7 ga Oktoba 2023, mafi yawansu farar hula, da kwashe wasu kusan 250, shi ma zalunci ne. Amma laifin gwamnati a kan gwamnati yake, kuma yana da hanyar da ake bin sa. Ƙasarmu Nijar ta yanke hulɗa da Isra'ila a 1973, ta maido a 1996, ta sake yankewa a 2002. Afirka ta Kudu ta kai ƙarar Isra'ila Kotun Duniya a watan Disambar 2023. Wannan ita ce hanyar masu hankali. Kuma a sani, a cikin masu adawa da yaƙin nan akwai Yahudawa. A watan Oktoban 2023 ɗaruruwansu suka cika babbar tashar jirgin ƙasa ta birnin Niyok suna neman a tsagaita wuta, ƴan sanda suka kama da yawa daga cikinsu. Ƙungiyar B'Tselem, wadda ta shafe shekaru fiye da talatin tana tattara shaidar cin zarafin Falasɗinawa, a cikin Isra'ila aka kafa ta. Da aka yanke wa Nelson Mandela ɗaurin rai da rai a 1964, cikin waɗanda aka ɗaure tare da shi akwai Bayahude, Denis Goldberg, wanda ya yi shekara 22 a kurkuku saboda ƴancin baƙar fata. Mai saƙon muryar nan da ya halatta jinin kowa da kowa, ya halatta jinin waɗannan ma.

Ƙaryar da yaron nan ya haddace ba sabuwa ba ce, tsohuwa ce ta sake riga. Lokacin da annoba ta cinye Turai a 1348 da 1349, aka ce Yahudawa ne suka zuba guba a rijiyoyi, aka ƙona su da ransu a garuruwa da dama, alhali su ma annobar tana kashe su. A 1903 aka buga wata takarda a Rasha da aka ce wai bayanan taron asirin dattawan Yahudawa ne na mallake duniya. A 1921 jaridar The Times ta Landan ta tona cewa ƙirƙirarriya ce, an kwafo ta daga wani tsohon littafin Faransanci da ba ya ma maganar Yahudawa. Duk da tonon, ƴan Nazi suka ɗauke ta suka koya wa yara a makarantu. Da baki aka fara, sai doka a 1935, sai ƙona ɗakunan ibada a Nuwamban 1938, sai ramuka da ɗakunan iskar guba, har aka hallaka mutum miliyan 6. A Ruwanda ma, a 1994, rediyo ce ta yi ta kiran Tutsi kyankyasai kafin adda ta fara aiki, aka kashe kusan mutum 800,000 cikin kwana ɗari. Hausawa sun riga sun gama magana: baki shi ke yanka wuya.

Yanzu bari in dawo gida, domin wannan batu yana da tarihi a ƙasashenmu. Kowane almajiri ya san sunan Shaihu Muhammadu ɗan Abdulkarimi al-Magili, mutumin Tilimsan, wanda ya ratsa Abzin da Takadda, ya sauka Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya rubuta masa nasiha kan yadda ake riƙon sarauta, ya je Katsina, sannan ya wuce Gao wurin Askiya Muhammadu. Malami ne babba, mujaddadan Sakkwato sun sha daga rubuce-rubucensa, kuma ba ni da bakin rage masa daraja. Amma tarihi ya rubuta cewa kafin ya iso ƙasar Hausa, wajen shekarar 1492, shi ne ya jagoranci rushe ɗakin ibadar Yahudawa a Tamantit, cikin dausayin Tuwat, kudancin Aljeriya ta yau. An kashe wasu, sauran suka watse, al'ummar da ta yi ɗaruruwan shekaru a kan hanyar fatauci ta Sahara ta ƙare. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne, malamai ba su haɗu a kan wannan aiki ba. Alƙalin Tuwat da kansa, Abdullahi al-Asnuni, bai yarda ba, kuma an yi ta aike da tambaya ga malaman Fas da Tilimsan da Tunis, wasu suka goyi bayan wannan, wasu wancan.

Ga inda nake so Sarki ya dakata. Al-Magili yana Gao sai labari ya iske shi cewa an kashe ɗansa a Tuwat. Zafin rashin ɗa ya kama shi, ya nemi Askiya ya kama mutanen Tuwat da ke zaune a Gao, aka kuwa kama su. Sai malamin Tumbuktu, Alƙali Mahmudu ɗan Umaru, ya ƙi amincewa, hujjarsa kuwa ɗaya ce: waɗannan mutane ba su suka yi kisan ba. Aka janye umarnin, aka sake su. Shaihu Ahmadu Baba na Tumbuktu ne ya adana mana wannan labari. A bakin kogin nan namu na Kwara, shekara ɗari biyar da suka wuce, an samu malamin da ya tsaya tsakanin babban shehi mai jimami da sarki mai takobi, ya hana a kama baƙi da laifin da aka yi a bayan hamada. Wannan ma gadonmu ne, kuma shi nake roƙon a raya.

A shekarar nan dai ta 1492 sarakunan Kirista suka kori Yahudawa daga Andalus. Ina suka nufa? Da yawansu ƙasashen Musulmi, Fas da Tunis da Istanbul, inda Sultan Bayazid na Biyu ya buɗe musu ƙofa. Har zuwa ƙarshen shekarun 1940 akwai Yahudawa wajen 250,000 a Maroko, kuma jikokinsu har yau suna ambaton Sarki Muhammadu na Biyar da alheri saboda tsayawar da ya yi musu lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Yau waɗanda suka rage a can ƴan dubbai kaɗan ne. Tarihin zaman Musulmi da Bayahude yana da duhu yana da haske, sai dai masu saƙon murya duhun kaɗai suke tsinto wa yaranmu.

Addininmu kuwa bai bar mu cikin duhu ba. Duk wanda ke zaman tafsirin azumi ya ji labarin sulken da aka sace a Madina. Wani Musulmi daga dangin Ubairiƙu ya saci sulken maƙwabcinsa a cikin buhun da ke da gari, buhun kuma yana da huji. Ya kai ya ajiye a gidan wani Bayahude. Da gari ya waye aka bi sawun garin da ya zuba har ƙofar Bayahuden. Ya rantse ajiya aka ba shi. Dangin ɓarawon suka taru suka zo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suna neman ya wanke ɗan'uwansu don kada Musulmi ya kunyata a gaban Bayahude. Malaman tafsiri sun ce a kan wannan ne ayoyin Suratun Nisa'i, daga ta 105 zuwa gaba, suka sauka, suka wanke Bayahuden, suka tona Musulmin, suka kuma yi kashedi mai tsanani ga wanda ya yi laifi ya jefa shi kan marar laifi. Har gobe ana karanta waɗannan ayoyi a cikin salla.

Na san za a kawo mini yaƙe-yaƙen da aka yi da Banu Ƙainuƙa da Banu Nadir da Banu Ƙuraiza da na Haibar. An yi su, ba mai musu. Amma da ƙabilu sanannu aka yi, kan alkawura sanannu, a zamani sananne. Bayan duk an gama su, Manzon Allah ya bar duniya sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓa wa iyalinsa. Uwar muminai Safiyya ƴar Huyayyu daga gidan Yahudawa ta fito. An wuce da gawar Bayahude ya miƙe tsaye, da aka nuna masa ko gawar wace ce, ya tunatar da sahabbai cewa shi ma rai ne. Ya kuma yi gargaɗin cewa wanda ya kashe mutumin da ke ƙarƙashin amana ba zai ji ƙamshin Aljanna ba. To ina mai saƙon murya ya samo fatawarsa?

Muna cewa wake ɗaya ke ɓata gari. A wajen gari gaskiya ne, domin an niƙe shi wuri ɗaya. Mutane kuwa ba a niƙe su wuri ɗaya ba, kowa da ransa, kowa da littafin aikinsa. Duk lokacin da muka manta da haka, mun ga abin da ya biyo baya da idonmu. Mako ɗaya bayan abin da Lasana Batili ya yi, ran 16 da 17 ga Janairu 2015, saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Paris, aka tashi a Damagaram da Yamai. Mutum goma suka mutu, an ƙona majami'u 45 a Yamai kaɗai. Masu zanen suna Faransa, waɗanda aka ƙona wa wurin ibada kuwa ƴan Nijar ne, maƙwabtanmu, waɗanda ba su ma ga jaridar ba. Wannan shi ne daidai abin da ake yi wa Bayahuden Manchasta saboda Gaza. A Toda ta jihar Maraɗi, a watan Oktoban 1991, rigimar gona da dabbobi ta zama kisan Fulani fiye da ɗari, mafi yawansu mata da yara. A Ogosagu ta Mali, ran 23 ga Maris 2019, an kashe Fulani wajen 160 a gari ɗaya.

Jihar nan tamu kuwa raunin bai warke ba. Ran 2 ga Janairu 2021 ƴan ta'adda suka kashe mutum fiye da ɗari a Combangu da Zarumdarai. Ran 15 ga Maris na shekarar suka tare masu dawowa daga kasuwar Banibangu suka kashe 58. Wanda ya binne ɗa ko ƙane a irin wannan rana, ba ni da ikon ce masa kada ya ji zafi. Amma saboda an ji wasu daga cikin maharan suna Fulatanci, sai ga shi makiyayin da muka san kakansa, wanda matarsa ke kawo mana nono, wanda shi ma ƴan bindigar suke ƙwace wa shanu da sunan zakka, ya zama abin nuni da leɓe a kasuwa. Wasu sun daina zuwa kasuwar, wasu sun cire rawani da sanda don kada a gane su. Da na karanta labarin Bayahuden da ke cire hularsa kafin ya shiga jirgin ƙasa a Paris, fuskar makiyayin nan na gani. Kuma ƴan ta'adda wannan suke so, domin saurayin da gari ya kora, daji ne ke karɓar sa.

Mu ma fa baƙi ne a wani wuri. Wane gida ne a Kurfai ba shi da ɗa a Akara ko Kumasi ko Abijan ko Kwatano ko Legas ko Libiya? Da kuɗin ci-raninsu ake sayen buhun hatsi in damina ta yi gardama. Dattawanmu suna tuna 1969, da aka ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana, mutane suka dawo a bayan manyan motoci sun bar shaguna da gidaje. Suna tuna korar baƙi daga Nijeriya a 1983. Mu ma, a ƙarshen 1963, mun kori mutanen Dahome saboda rigimar gwamnatoci. Duk mai ɗa a baƙon wuri yana da addu'a ɗaya: Allah ya sa a duba halinsa, kada a kama shi da laifin wani ɗan ƙasarsu. Abin da muke roƙa wa ɗanmu a zangon Kumasi, shi Bayahuden Sidni yake roƙa wa ƴarsa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga roƙona.

Na farko, Sarki ya tara limaman Juma'a da masu tafsiri da malaman zaure na ƙasar Kurfai, a zauna a yi magana ɗaya: a yi wa Falasɗinawa addu'a, a la'anci zalunci duk wanda ya yi shi, amma kada a halatta jinin wata al'umma a kan mumbari, kuma kada a mai da sunan wata ƙabila ko addini abin zagi. A roƙi malamai su riƙa kawo labarin sulken Madina da na Alƙali Mahmudu, yara su tashi da su a baki.

Na biyu, a umarci masu gari da masu unguwanni da arɗaɗɗan Fulani da shugabannin Buzaye su riƙa kawo wa fada duk jita-jitar da ta ambaci wata ƙabila da laifi tun tana ɗanya, a bincika, a fitar da gaskiyar a rediyon karkara da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci. Ƙarya a salula take gudu, dole gaskiya ta samu abin hawa.

Na uku, a zaman sulhu na fada, kan ɓarnar gona ko burtali ko rijiya, a kafa ƙa'ida cewa mai ƙara ya faɗi sunan wanda ya yi masa laifi. Wanda ya ce "Fulani ne" ko "Zabarmawa ne" ko "manoma ne" a mai da shi ya dawo da suna. Al'ummomin Banibangu sun sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a watan Janairun 2023 bayan jini mai yawa ya zuba. Gara mu ƙulla tamu tun ba a kai can ba.

Na huɗu, Sarki ya ba mu malaman makaranta goyon baya mu ware rana ɗaya a shekara mu karantar da yara yadda ƙiyayya ke farawa daga baki. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 27 ga Janairu don tunawa da kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa. Mu haɗa da Ruwanda da Toda da Gaza da Combangu, yaro ya gane cewa hawayen uwa iri ɗaya ne ko da wane harshe take kuka.

Na biyar, Sarki ya kai wannan magana gaban Ƙungiyar Sarakunan Gargajiya ta Nijar. Muryar Kurfai tana kaiwa nesa. Ƙasar nan ta haifi Adamu Mayaƙi wanda ya riƙe ministan harkokin waje a farkon ƴancin kai, kuma shugaban ƙasa Janar Abdurahaman Tiani ɗan Tukunus ne. Mu ne kuma muka buɗe hannu a Abala muka karɓi ƴan gudun hijirar Mali tun 2012, ba mu tambaye su laifin da wasu ƴan ƙasarsu suka yi ba.

Yaran nan biyu, na ba su labarin buhun gari mai huji, na sa mai zagin ya nemi gafara, kuma suna zaune a benci ɗaya har yau. Wannan shi ne iyakar ikona, domin muryar malamin makaranta a bangon aji take tsayawa. Da an tashi, yaron zai koma gida ya iske salular yayansa, ya wuce ta gaban bencin mai shayi ya ji manya suna dariya. Can ban da iko, amma Sarki yana da shi. In Sarki ya ce a ƙasarsa ba a kama wani da laifin wani, za a maimaita maganar a kowane zaure daga nan har bakin iyaka, kuma makiyayin nan zai ja awakinsa ya ratsa kasuwar Filinge da rawaninsa a ka.

Allah ya ba Sarki ikon riƙe amanar da ya ɗora masa. Allah ya ji ƙan waɗanda aka kashe ba da hakki ba, ya yaye wa mutanen Gaza, ya tsare duk wani baƙo a ƙasar da yake baƙunci, ya zaunar da Kurfai da Nijar lafiya, ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.

Ɗanka mai biyayya,
Wani malamin makaranta,
Ƙasar Kurfai.